Ranar da Aka Kwance Rigar Nomau

Akwai rana guda a aikin nan da ban taɓa mantawa da ita ba, ko da yake dole in faɗa tun farko cewa ba komai na riƙe daidai ba. An kwana biyu, kuma abin ya faru cikin ruɗewa. Na tabbata da bazara ne, bayan ƙaramar Sallah, kafin ruwan farko ya sauka. Ranar kanta ina zaton Laraba ce, amma wani da muka yi aikin tare ya ce Talata. Maganganun da za ni sa a bakin mutane, ma'anarsu na riƙe, ba lallai kalma da kalma ba. Abokan aikina malaman motsa jiki ne suka nemi in rubuta, saboda ƙannenmu da suka shigo aikin daga baya.

Ni mutumin garin Isa ne. Ilimin motsa jiki da kiwon lafiya na karanta a jami'a, kuma a lokacin ina koyarwa a wata sakandare a garinmu. Makarantar tana rufe saboda halin tsaro, ina zaune gida, sai aka aiko daga Sabon Birni ana neman wanda zai taimaka wajen horar da wasu samari. Wani kwamitin dattawan gari ne ya tara su daga ƙauyuka, galibi daga wajen Gatawa da Tsamaye. Aikin da ake shirya su dominsa shi ne rakiyar manoma zuwa gona idan damina ta faɗi: su zagaya, su sa ido, in sun ga abin da ba su yarda da shi ba su ruga su sanar, mutane su samu su tsere. Saboda haka gudu shi ne rabin aikin. An kuma gaya musu tun ranar farko cewa a ƙarshe za a yi gwaji, a ɗauki waɗanda suka iya, a sallami sauran.

Ga wanda bai san tsarin ba, shugaban kwamiti ne a sama, shi ke da ikon ɗauka da sallama, amma ba kullum yake zuwa fili ba. Ƙarƙashinsa akwai Saje Bawa, tsohon soja da ya yi ritaya. Shi ne mai fili. Fareti da ladabtarwa da duk abin da ya shafi sintiri nasa ne. Ni kuma an ba ni sashen safe, daga bayan sallar asuba zuwa hantsi, in gina musu jiki. Ba ni da ikon korar kowa ko ɗage wani abu. Shawara nake bayarwa, Saje ya yanke.

Abin da na fara lura da shi, ƙarfi ba shi ne matsalarsu ba. Mutumin da ya tashi da hauya a hannu, wanda ke ɗauko damin gero a ka tun daga gona, ba ka da abin da za ka koya wa damtsensa. Abin da ba su saba da shi ba shi ne gudu mai tsawo a kan taki ɗaya. Da an busa usur sai kowa ya fyalla kamar an koro shi, kafin a kai ƙarshen fili rabinsu sun dafa gwiwa suna haki. Don haka na fara da abin da duk muka sani. A ɗumama jiki tukuna da tafiya da sassarfa da miƙe gaɓoɓi, kafin a nemi abu mai nauyi daga gare shi. A ƙara nisa kaɗan-kaɗan, ba a tsallake. A bar rana mai sauƙi bayan rana mai wuya, domin da hutu jiki ke ginuwa. Na koya musu sa yatsu biyu a gefen wuya su ji bugun zuciya. Na ce in kana sassarfa ka kasa gaisawa da na kusa da kai sai numfashi ya yanke, to ka yi sauri da yawa, rage. Sai kuma ruwa, wanda na fi nanatawa. Na sa aka ajiye duro a gindin wani itacen dogon-yaro da 'yan moɗaye, duk lokacin da muka tsaya kowa ya bi layi ya sha, ko yana jin ƙishi ko ba ya ji.

Saje bai cika yarda da tsarina ba, ko da yake bai taɓa hana ni ba.

"Ɗan boko," in ji shi wata safiya, "mu lokacin da anka horar da mu, tsallen kwaɗo munka yi ta yi har mutum shi ga taurari da rana. Kai ko kana ta lallashinsu kamar masu jego."

"Baba Saje, wataƙila in muka bi a hankali za su fi daɗewa ba rauni."

"Wataƙila! Kullum wataƙila. Kai ko sunanka anka tambaye ka, wataƙila za ka ce."

Samari suka fashe da dariya, daga ranar sunana ya koma Malam Wataƙila. Ban ji haushi ba, don akwai gaskiya a ciki. Ba na son faɗin abin da ban tabbatar ba, kuma a sha'anin jikin ɗan Adam abin da mutum zai tabbatar ba shi da yawa.

A cikinsu akwai 'yan'uwa biyu daga Gatawa, uwa ɗaya uba ɗaya, Arzika da ƙanensa Nomau. Arzika magidanci ne, shiru-shiru, ba ya gaba a gudu ba ya baya. Nomau kuwa dogo ne siriri, mai barkwanci, kuma ya fi kowa saurin kama abin da nake koyarwa. Bai jima ba ya koyi riƙe taki, ya daina fyallawar farko, har na fara sa shi gaba ya ja sauran. Na ji daga bakin wasu cewa su uku ne a da, an harbe babbansu a gona daminar da ta wuce. Su dai ba su taɓa ɗauko mini zancen ba, ni ma ban tambaya ba. Abin da na sani, ba wanda ya kai Nomau son a ɗauke shi. Yakan ce gonarsu tana can bakin daji, bara ba a cire komai a cikinta ba, bana kuwa da shi za a shiga.

Wajen mako na uku abubuwa suka fara rikice mini. Bisa ƙa'ida lokacin ne ya kamata a ga jiki ya fara sabawa, nisan da ke ba mutum wuya ya yi sauƙi, zuciya ta riƙa saurin komawa daidai bayan an tsaya. Sai na ga akasin haka. Mutane na gajiya da wuri. In na sa hannu a wuyan wani bayan hutu sai in ji zuciya tana ta gudu. Ana tsakiyar atisaye sai wani ya ɗaga hannu ya nufi bayan gari da sauri, ya dawo, wani ya tafi. Fuskoki sun faɗa. Na kuma lura yawancinsu sun koma sa manyan riguna masu dogon hannu a cikin wannan zafi. Na tambayi Nomau.

"Lahiya lau, Malam," in ji shi yana dariya. "Ƙiba ta, muna ɓoyon ta kada Saje shi ce tuwon kwamiti ya yi muna yawa."

"Cikin fa? Na ga kuna yawan zagayawa."

"Sauyin ruwa na. Ruwan birni bai san mu ba."

Na ɗauka ko na ƙara musu nisa da gaggawa, sai na rage. Na ɗauka ko abinci ne, na je na duba inda ake dafawa, ban ga komai ba. Na sa aka wanke duron aka sake ruwa. Layin shan ruwa kuwa yana nan kamar kullum. Kowa ya karɓi moɗa ya zagaya bayan itacen, ya tsuguna ya ba ni baya, kamar yadda mutanenmu ke yi don ba a sha a tsaye a gaban babba, sannan ya dawo yana goge baki.

Ranar gwaji, tsarin shi ne a tashi daga fili a bi hanyar da ta fita gari zuwa wata tsohuwar rijiya, a juyo. Na roƙi a fara da an idar da sallar asuba. Amma shugaban kwamiti ya ce sai ya gani da idonsa, wani uzuri kuma ya tsare shi, bai iso ba sai da hantsi ya ɗaga sosai. Samari na tsaye a layi tun safe. Babu iska ko kaɗan, irin zafin nan mai nauyi na gab da damina, wanda ko a inuwa kake riga na manne maka.

Na matsa kusa da Saje na ce a hankali, "Baba Saje, ina ganin kamar rana ta yi. Da za a bari sai gobe da asuba, ko a rage nisan."

"Ɓarayin daji na duba rana kahin su zo?" in ji shi.

Duk da haka ya je ya yi wa shugaba magana, na gan su. Shugaba ya ce gobe yana da tafiya, ga hadari ya fara haɗuwa a gabas kwanan nan, ba lokacin ɗagewa. Abin da na samu kawai shi ne a bar su su sha ruwa kafin a tashi, ni kuma wani mai babur ya ɗauke ni mu bi su a baya da jarka biyu na ruwa.

A tafiya ba a sami matsala ba, Nomau na gaba. A dawowa ne, an wuce rabi, na ga takunsa ya sauya. Ya fara karkata gefe kamar mai bin wata hanya da shi kaɗai ke gani. Mutum biyu suka wuce shi, bai ko kula ba. Na sa mai babur ya matsa kusa.

"Nomau, tsaya ka sha ruwa."

Ya dube ni, idonsa jawur, bai gane ni ba. Ya ce, "Ku kora awakin nan, suna cin wake." Babu akuya ko ɗaya a wurin. Ya ƙara taku kaɗan, gwiwoyinsa suka lanƙwashe, ya kife a kan yashi.

Ƙannenmu su lura da wannan. Ba irin sumar gajiya ba ce, wadda mutum ke farfaɗowa in an kwantar da shi an ɗaga ƙafafunsa. Idan mai gudu a rana ya fara sambatu, ya kasa gane mutane, jikinsa ya yi zafi, to zafi ne ya fi ƙarfin jikin har ya taɓa ƙwaƙwalwa. Abin da aka koya mana shi ne a sanyaya shi nan take, a wurin, tun kafin a yi maganar asibiti. A kai shi inuwa, a cire tufafi, a jiƙa shi da ruwa, a yi ta fifita. Ba a ɗura wa wanda ba ya cikin hayyacinsa ruwa a baki. Jinkiri kaɗan na iya zama ajali.

Ni da mai babur muka ja shi gindin wata aduwa. Da na taɓa wuyansa sai da na janye hannu, kamar na taɓa murfin tukunya. Na ɗaga babbar rigarsa don in cire, sai hannuna ya ci karo da abu mai tauri. A ƙarƙashi akwai wata riga marar hannu, ta saƙi mai kauri, an jera mata layu na fata tun daga kafaɗa har ƙugu, gaba da baya, babu inda iska za ta shiga. An ɗaure ta tam da igiyoyin fata a gefe biyu. Tana tsami, irin na abin da ya kwana da yawa a jiki. Na sha ganin rigar layu a jikin mafarauta, amma ban taɓa kawowa a raina cewa da ita mutum ke gudu a gabana kullum ba.

Na ɗauki jarka na buɗe. Kafin in karkata ta aka riƙe mini hannu. Arzika ne, ya iso yana haki, wasu samari na bayansa.

"Malam, kada ka zuba."

"Arzika, zafi ne ya kama shi. Dole a cire wannan a jiƙa shi."

"Ba a cire ta. Ruwa ba shi taɓa ta. Saura kaɗan magani shi kama."

"Wane magani?"

Can sai wani ɗan Tsamaye, ban riƙe sunansa ba, ya ce, "Na bindiga, Malam. Sharaɗi na. Har kwanakin su cika ba a tuɓe ta, ba a jiƙa ta, ba a shan ruwa sai rana ta karkata. Jiƙo kaɗai, da asuba."

"Ba a shan ruwa? To wanda kuke sha a duro fa?"

Ya sunkuyar da kai. "Zubarwa mukai bayan icce. Mun ga kana so, ba mu son ɓata maka rai."

Ban san yadda za ni kwatanta abin da na ji ba. Ashe kwanakin nan duka mutane ke gudu a gabana cikin zafin bazara, jiƙo mai wanke ciki yana tsiyaye su, jikinsu a naɗe da fata, ko ɗigon ruwa ba ya shiga bakinsu tun asuba.

Nomau ya fara wani irin numfashi mai gurnani, ƙafarsa ɗaya na shure-shure.

"Arzika, don Allah sake ni."

"Inna tad ɗaura mishi ita da hannunta," in ji shi. "Tac ce ta ba daji ɗa guda, ba ta ba shi na biyu. Tac ce duk wanda yak kwance ta kahin lokaci, ba ta yahe mishi nononta ba. Kai ka san Inna? Kai za ka tai ka gaya mata?"

A daidai nan Saje ya iso a kan wani babur. Na ji sanyi a raina, na ɗauka zai daka tsawa a ba ni wuri. Ya dubi rigar, ya dubi samarin da suka kewaye mu, ya cire hularsa.

"Ni ba ni sa hannu ga abin da uwa tad ɗaura," in ji shi. "Arzika, ƙanenka na. Ɗan boko, gaya mishi gaskiya."

Na ce, "In ba a sanyaya shi ba, ina jin tsoron wataƙila..."

"Ban son wataƙila yau, Malam!" Arzika ya daka mini tsawa, mutumin da ban taɓa jin ya ɗaga murya ba. "In ka zuba, shina tashi? Rantse."

Na ce, "Ba ni iya rantsuwa cewa zai tashi, wannan na Allah ne. Amma na rantse da Allah, in ka bar shi cikin rigar nan ba zai kai azahar ba."

Har yau ban san ko ina da hurumin yin wannan rantsuwa ba, tunda ni ba likita ba ne. Ita ce kaɗai na taɓa yi a bakin aiki.

Arzika ya tsaya yana kallon ƙanensa. A wurina kamar an daɗe, mai babur kuwa ya ce mini daga baya ba a jima ba. Sai ya sake ni, ya durƙusa. Zufa ta sa ƙullin igiyoyin ya cije, ya gwada da yatsu ya kasa, ya sa haƙori. Da ya kwance na farko ya ɗago ya dubi mutane.

"Ku shaida, ni nik kwance. Ba Malam ba, ba Nomau ba. Abin da Inna tac ce shi hau kaina."

Wasu suka juya baya don kada su gani. Wani ya yi salati. Da aka ɗaga rigar, fatar da ke ƙarƙashi ta yi ja, duk ƙuraje, wani wuri ta saɓule. Na juye masa jarka a ka da wuya da ƙirji da hammata. Saje ya tuɓe rigarsa ya hau fifita, ya daka wa sauran tsawa suka yi haka. Mai babur ya ruga gidajen da ke kusa, sai ga mata da bokitai, muka yi ta zubawa har wurin ya zama taɓo. Arzika na riƙe da kan Nomau yana kiran sunansa. Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka ba. Na dai ji zafin wuyan ya fara sauka a hannuna, sannan ya yunƙura zai yi amai, muka juya shi gefe. Ya buɗe ido ya ce, "Yaya." Daga nan muka sa shi a tsakiya a kan babur, jiƙaƙƙen zane a jikinsa, muka nufi asibiti.

Ma'aikaciyar jinyar da ta karɓe mu, wata dattijuwa, ta sa masa ƙarin ruwa nan da nan. Da la'asar ta kira ni ta nuna mini fitsarinsa, ya yi duhu kamar shayi. Ta ce ƙoda ta jigata, sai an sa ido kwana biyu, kuma ko ya tashi kada ya kuskura ya yi gudu ko aikin ƙarfi a rana sai bayan watanni. Ya kwana da yawa a can. Ya tashi, alhamdu lillahi.

Yammacin ranar da abin ya faru, Saje ya tara sauran a fili ya ce kowa ya cire rigar sama. Ban ƙirga ba, amma waɗanda ba su da rigar layu a ƙasa ba su taka kara sun karya ba. Na zagaya bayan dogon-yaron nan, inda ban taɓa zagayawa ba. Ƙasa ta jiƙe sharkaf, har ciyawa ta tsiro kore shar, a lokacin da ko'ina a garin ya bushe ƙurmus. Saje ya zo ya tsaya kusa da ni ya daɗe yana kallo.

"Na horar da masu ƙaryar ciwo don su huta," in ji shi. "Ban taɓa ganin masu ƙaryar lahiya don su mutu ba."

Washegari muka je wurin wanda ya ba su maganin, wani tsohon mafarauci da shi ma rikici ya koro shi gari. Na tafi ina shirin gardama. Da Saje ya gaya masa abin da ya faru sai tsohon ya dafe ƙirji.

"Gudu? Cikin rana? Subhanallahi! Ni zama nic ce su yi. Mai shan wanga magani inuwa shika zama kamar ango har kwanakin su cika. Ba wanda yag gaya min ana kora su kamar dawaki."

A nan na gane yadda abin ya haɗu. Sun ɓoye wa tsohon gudun don kada ya hana su magani. Sun ɓoye mini maganin don kada a ce ba su da lafiyar gwaji, kuma don suna jin nauyin ƙin moɗar da na miƙa musu. Ga ruwa ya kusa, suna son su shiga gona da duka biyun a jikinsu. Ko maganin na aiki ko ba ya yi, ba fagena ba ne, malamai sun yi maganarsu a kai, ni ma ina da ra'ayina. Abin da na sani, shi tsohon ya tsara nasa don mai zaman inuwa, ni na tsara nawa don mai shan ruwa, aka haɗa su a jiki ɗaya ba tare da sanin ɗayanmu ba.

Kwamiti ya soke gwajin ranar. Waɗanda ke cikin kwanakin magani aka ce su zauna har su gama, sannan aka sake gwaji da asuba. Aka ɗauki Arzika. Game da Nomau, shugaba ya kira ni ya tambayi ra'ayina, na faɗi abin da asibiti ta ce, aka sallame shi.

Ya zo fili ɗaukar kayansa washegarin ruwan farko. Ya rame, rigarsa na lilo a jikinsa. Ina tattara igiyoyin tsalle na ji muryarsa a bayana.

"Malam Wataƙila."

"Nomau! Ya jiki?"

"Da sauƙi. An ce kai kas sa anka jiƙa ni."

"Ni ne."

"An ce kuma kai kac ce kada a ɗauke ni."

"An tambaye ni ne, na faɗi abin da asibiti ta ce. Ƙodarka na buƙatar hutu. In Allah ya kai mu baɗi, ina ganin..."

"Baɗi," in ji shi, ya yi 'yar dariya. "Shuka jibi ta, Malam. Ba riga, ba aiki, ga Inna ba ta amsa gaisuwar Yaya." Ya gyara ƙullin kayansa a kafaɗa. "Allah shi saka da alheri, da gaske nika yi, ba ba'a ba. Amma can inda za ni, ba rana ka kashe mutane ba."

Ya ba ni hannu, ya nufi tasha.

Abin da aka koya mana a jami'a game da zafi da ruwa gaskiya ne, kuma ranar ya yi aiki. Amma mutumin da ke tsaye a layinka da uwarsa ya zo, da tsoronsa, da kunyarsa, kuma ba za ka ga ko ɗaya ba in ka tsaya a kan usur da agogo. In mutumin ƙasarmu ya ce maka lafiya lau, gaisuwa ce ya amsa, bai ba ka labarin jikinsa ba. Tun daga lokacin, duk inda na horar da mutane, ina keɓe kowa shi kaɗai in tambaye shi me yake sha, me yake ɗaure da shi, me aka hana shi, kuma ba na dariya ko wa'azi a kan amsar, domin wanda aka yi wa dariya gobe ɓoyewa zai yi. Motsa jiki a singileti ake yi. Ruwa kuma a gabana ake sha, ina kallon maƙogwaro. Ba na cewa wannan ya isa, shi ne dai abin da na iya.

Makarantarmu ta buɗe ba da jimawa ba na koma Isa, ban sake ganin 'yan'uwan biyu ba. Wani ya ce mini Nomau ya shiga gonar ya yi shuka. Wani ya ce ya tafi wajen dangi a hayin Nijar. Game da Arzika da mahaifiyarsu na ji magana iri biyu, ba ni rubuta ko ɗaya tunda ban tabbatar ba.

Mutane da yawa sun ga abin da ya faru a gindin aduwar nan. Duk wanda ya ga na yi kuskure, ko na sa wa wani maganar da ba tasa ba, ya aiko mini ta hannun abokan aikinmu in gyara. In kuma akwai ɗan Gatawa da ya san inda Nomau yake, ko ya san tsohuwar ta amsa gaisuwar Arzika, don Allah shi ya fara aikowa.